Hoton Furotin Sahada

Maamobi, Accra
Fabrairu, 2024

Zuwa ga ƙanena Muftahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da aikinka da sanyin Jamus da kake ta kuka da shi. Mma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ƙafar da ka gurɗe ta sake. Maigidana Razak ma yana gaisuwa. Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ka sani.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Duk lokacin da na kira ka, kuka ne yake cinye rabin maganar, sauran lokutan kuma kana can ƙarƙashin ƙasa inda na'urarku take, waya ba ta shiga. Shi ya sa na ce bari in rubuta a takarda yadda Baaba ya koya mana, in ɗauki hotonta in tura maka, ka karanta in ka fito.

Jikin Sahada ba sauƙi. Wata mai zuwa 'yata za ta cika shekara biyu, har yau ba ta tsayawa, zaman ma sai an tokare ta da filo. Jijjigar tana zuwa safe da rana da yamma, na daina lissafawa. Idonta ya kafe gefe guda, hannun dama ya kama rawa, ya saki ya koma na hagu, leɓenta ya yi baƙi. Duk magungunan farfaɗiyar da ake da su a babban asibiti an gwada, babu wanda ya riƙe ta. Na ajiye koyarwa a Kotobabi, an ba wata malama ajina.

Ranar Talata likitarta, Dokta Ankrah, ta zaunar da ni da Razak a kan sakamakon jinin da suka aika waje. Ta ce a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai wani furotin da ke aiki kamar 'yar ƙofa, yana buɗewa yana rufewa. Na Sahada harafi ɗaya ya sauya a rubutun halittarsa, don haka ba ya rufuwa yadda ya kamata. Ta ce akwai wani tsohon maganin zuciya, dangin kwinin da Baaba ke sha in zazzaɓi ya kama shi, wanda a wasu yara yake shiga ƙofar ya toshe ta, a wasu kuma ko gezau. Matsalar ita ce yana iya rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita, kuma gwajin zuciyar Sahada dama bai fito sumul ba. Irin sauyin nata ba a taɓa samun shi a wani yaro ba, ga shi ya faɗo daf da gurbin da maganin ke zama.

Ta dube ni ta ce, "Madam, in ban san zai zauna ba, ba zan jefa zuciyarta cikin wannan hatsarin ba." Ban san lokacin da na ce mata ƙanena aikinsa ke nan ba.

Na yi ta maimaita bayanin da ka yi mini don in iya mayar wa Mma da Razak. Ka gyara mini in na kauce. Ba jinin Sahada za ka duba ba. Za ku sa wasu ƙwayoyin halitta da kuke kiwo a kwalba su ƙera furotin irin nata sak, ku tace shi, ku gauraya da maganin. Sai ka ɗiga a kan ɗan faifan da bai kai ƙwayar wake ba, ka tsoma shi cikin sanyin da zai daskarar da shi nan take, ya zama ƙanƙara garau. Daga nan sai madubin nan naku da kuke kira kirayo, wanda da ilektoron yake gani ba da haske ba. Ka ce in aka haska da ƙarfi furotin ɗin ƙonewa yake yi, dole a haska kaɗan-kaɗan, kowane hoto ya fito dishi-dishi, sai kwamfuta ta tattara dubbansu ta fitar da siffa ɗaya. Da na kai nan Mma ta ce wannan ai neman wahala ne, me ya hana a kai maka yarinyar ka dube ta kawai?

Abin da na fi riƙewa shi ne lambar. Ka ce da angistiram ake auna kyawun hoton, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. In ya fito shida, fasalin jikin kawai za a gani. In ya sauko uku ko ƙasa, ana iya gane ƙananan rassansa, a ga inda magani ya zauna. Ni malamar aji huɗu, yau ga ni ina roƙon Allah lamba uku a cikin sujada.

Ka yi wa Farfesarka godiya da ta yarda ta ba ka lokaci a kan na'urar. Na ji ka ce layi ake bi, sai bayan azumi. Zan jira. Amma in akwai yadda za a yi wani ya yi maka musanyar wuri, ka roƙe shi, ka nuna masa hotonta in ta kama.

Allah ya taimake ka, ya buɗa maka.

Yayarka,
Mardiya


Maamobi
Mayu, 2024

Ƙanena Muftahu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Da fatan ka yi sallah lafiya, ko da yake na san a ɗaki ka yi ta kai kaɗai. Mma ta ga hoton da ka turo ta ce ka rame, wai in gaya maka burodi ba abinci ba ne.

Saƙonka ya iso. Shida da ɗigo biyu. Na yi ta karantawa ko lambar za ta ragu. Duk da haka na je shagon da ke kusa da shataletalen Nima aka buga mini hoton a babbar takarda. Mai shagon ya yi ta ba ni haƙuri, wai injinsa ne ya ɓata shi, zai sake bugawa. Na ce masa ya bari, haka abin yake.

Abu ne toka-toka, kamar dunƙulen auduga huɗu da aka manna wuri guda, da rami a tsakiya. Na riƙe shi kusa, na riƙe shi nesa. Na san ka ce wannan ma ci gaba ne, tunda furotin ɗin bai wargaje ba. Na kuma gane bayaninka, cewa yawancinsu sun taso saman ƙanƙarar sun kwanta ta fuska ɗaya, ya zama kamar an ɗauki hoton jama'a daga saman bene, tsakar kai kawai ake gani. Na gane, Muftahu. Ganewar ba ta hana ni shiga banɗaki in yi kuka ba.

Sahada yanzu haɗiya tana ba ta wuya. Koko ya sarƙe ta har ya fito ta hanci, ta yi ta tari, ƙirjinta ya kama. An sa mata roba ta hanci, da sirinji muke ba ta abinci. Razak ya fi ni iyawa, hannunsa ba ya rawa, shi yake ba ta na safe kafin ya fita da trotro, motar fasinjan da yake ja, zuwa unguwar Madina.

Hajiya Ƙaltume mai gidanmu ta kawo wani malami daga New Town, ya yi mata karatu da tofi. Ban ƙi ba, addu'a ba ta yawa a ɗakin nan. Amma washegari a bakin famfo, a gaban mata, ta ce madubin Turawa ba ya ganin iska, mu daina ɓata wa kanmu lokaci. Na cika bokitina na tafi. Da ina da hoto mai kyau a hannu da na amsa mata.

Razak ne yake ba ni tsoro. Ka san shi ba mai yawan magana ba ne. Da ya dawo na nuna masa takardar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk jiran nan, hayaƙi ya turo mana?" Na ce masa matakin farko ne. Ya ce, "Ita fa, mataki nawa ya rage mata?" Daga baya ya gaya mini ya yi maganar da abokinsa Sayibu, wanda ke aiki a shagunan magani na Okaishie, shi kuma ya ce zai iya samo maganin ta Lome ba tare da takardar likita ba. Na ce masa wallahi in wannan ƙwayar ta shigo ɗakin nan ba da hannun Dokta Ankrah ba, ba zan yafe ba. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki Sahada ya ɗora a ƙirjinsa.

Ka ce za ka ƙara wani abu mai kama da sabulu don su daina tasowa sama, ka kuma karkata faifan don a gan su ta gefe. Ban san mene ne wahalar hakan ba, amma na ji a muryarka ba ƙaramar wahala ba ce. Don Allah ka yi. Ka ce sai bayan babbar sallah. Ban san yadda zan riƙe gidan nan zuwa lokacin ba, amma zan riƙe.

Kowa yana gaishe ka. Ka dinga cin abinci.

Yayarka,
Mardiya


Maamobi
Yuli, 2024

Muftahu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ruwan bana ya shigar mana ɗaki, babbar kwata ta cika ta tumbatsa, muka ɗora Sahada da kayan abincinta a kan tebur har ya janye. Ba wanda ya ji ciwo. Mma tana tari amma da sauƙi.

Da na buɗe saƙonka na ga uku da ɗigo uku, ihu na yi. Mma ta rangaɗa guɗa, matan gidan suka fito suna tambaya ko haihuwa aka yi. Na rungume Hajiya Ƙaltume ma. Sai da na zauna na karanta sauran saƙon.

Ka ce lambar ta jikin gaba ɗaya ce. Tsakiyar furotin ɗin a tsaye take cak, ta fito fes har kana gane rassanta ɗaya bayan ɗaya. Amma ɓangaren da sauyin Sahada yake, inda maganin zai zauna, motsi yake yi. A wannan hoton ya karkata nan, a wancan ya karkata can, da kwamfuta ta haɗa su sai wurin ya dame. Can lambar biyar ce, ko ma fiye. Wato ko'ina ya fito, ban da wurin da muka aike ka.

Amma akwai abu a wurin, Muftahu. Kai da kanka ka zana jar kibiya ka nuna shi, ɗan dunƙulen nan a cikin gurbin. Ka ce zai iya zama maganin, zai iya zama kitsen da ke manne da furotin tun daga jikin ƙwayar halittar, zai iya zama shirmen kwamfuta kawai. Ka ce a wannan lambar duk kamarsu ɗaya.

Ga abin da nake roƙonka. Ka rubuta wa Dokta Ankrah ka ce maganin ya zauna. Layi biyu sun isa. A cikin abubuwa ukun nan ɗaya shi ne wanda muke nema, ka zaɓe shi. Za ta kwantar da Sahada a asibiti, ta sa mata na'ura, ta gwada a hankali. In ba da takardarka ba, ba za ta taɓa ba, ta sake gaya mini ranar Alhamis.

Na tuna abin da ka ce a waya: "Yaya, in na rubuta abin da ban gani ba, zuciyarta ta tsaya fa?" To ni ma in tambaye ka. In ba ka rubuta ba, me kake tsammani zai faru? Sahada ta daina bin mutum da ido. Da in na shigo tana juyo da kai, yanzu ko sunanta na kira ba ta motsi. Ƙafafunta sun zama kamar tsinke. Kai kana can kana kare sunanka a gaban Farfesa, ni ina nan ina kallon 'yata tana narkewa a hannuna.

Na san maganar nan ta yi zafi. Ba zan goge ta ba. Ni na goya ka muna tsallaka kwatar nan zuwa makarantar allo, ni na tsaya wa Baaba da ya ce karatun boko ya isa haka ka shiga kasuwa. Ban taɓa tuna maka ba, ban kuma taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. In zunubi ne, ka ɗora shi a wuyana, na ɗauka.

Ina jiran amsarka.

Yayarka,
Mardiya


Babban asibiti, ɗakin yara
Agusta, 2024

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na ga duk kiran da ka yi mini tun ranar da ka ce ba za ka rubuta ba, da gangan na ƙi ɗauka. Ka yi haƙuri. Mma ta ce ta gaya maka muna asibiti amma ta kasa yi maka bayani, to ga bayanin. Sahada tana da rai, wannan ka fara sani.

A farkon watan nan jijjigar ta fara raguwa. Da farko ban yarda ba, na ce gajiya ce ta sa ban lura ba. Sai aka wayi gari har azahar ba ta yi ba. Washegari ma haka. Rannan ina canza mata riga, sai na ga idonta a kaina. Kallo na sosai, Muftahu, irin wanda na manta da shi. Ta ɗaga hannu ta kama ɗan kunnena ta ja. Na kira Mma, Mma ta yi mata wasa da carbi, ta yi dariya har da sauti. Ban taɓa jin dariyar 'yata ba sai ranar. Na dafa waakye, shinkafa da wake, na raba wa gidan sadaka. Na ɗauka Allah ne ya dube mu haka kawai, ba magani ba hoto. Razak yana gefe yana kallonmu, bai yi murna yadda na zata ba, ni kuwa ban tsaya tambayar dalili ba.

Ranar Laraba bayan la'asar tana kan cinyata, sai jikinta ya saki gaba ɗaya. Ba jijjiga ba ce, na san jijjiga. Fuskarta ta yi toka, kanta ya langaɓe. Na fita da ita a guje ba takalmi ba mayafi. Titin Nima a cunkushe, wani mai okada da ban sani ba ya ce in hau, ya ratsa da mu ta tsakanin motoci zuwa ƙaramin asibiti, daga can aka ɗauko mu zuwa nan.

Suka manna mata wayoyi a ƙirji. Na ga likitocin suna kallon layin zuciyar suna kallon juna. Dokta Ankrah ta zo ta tambaye ni abin da yarinyar ta sha, na lissafa mata magungunanta. Ta ce, "Ban da waɗannan fa?" Na rantse mata babu. Ta sake tambaya. Ana cikin haka Razak ya shigo, ya bar motarsa da fasinja a Madina. Ya ji tambayar. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin maganin zuciyar nan ya ajiye a kan gado.

Sayibu ya kawo masa tun bayan sallah, Razak ya ɓoye a mota bai taɓa ba. Ranar da hotonka na biyu ya zo, ya ɗauki wayata ya duba. Da safe in ina wanka yake daka rabin ƙwaya ya zuba a sirinjin abincinta. Na kama rigarsa a gaban mutane ina jijjiga shi, ina tambayarsa don me. Abin da ya ce kawai, "Na ga kibiyar." Bai karanta bayanin da ke ƙasa ba. Ko ya karanta ma, ban sani ba ko zai tsaya.

Sun dawo da bugun zuciyar, Allah ya saka musu. Da abin ya lafa na bi Dokta Ankrah har bakin ofishinta na ce, to yanzu ai mun sani, yana aiki. Ta ce wataƙila. Ta ce cutar nan takan lafa da kanta na ɗan lokaci, yaro ɗaya da 'yan kwanaki ba hujja ba ne. Abin da ta tabbatar shi ne zuciyar Sahada ba za ta ɗauki maganin ba, ko kaɗan ne, ko a asibiti ne. Ka ji. Har wannan ma bai fito fes ba.

Ni dai na ga abin da na gani. Yarinyata tana ciki, ta leƙo ta gan ni. Jiya jijjigar ta dawo, yau ta fi ta jiya, idon ya koma inda yake.

Ina so in tsani Razak, na kasa. Abin da na roƙe ka ka yi da alƙalami shi ya yi da hannunsa. Da ka bi maganata, da da sunanka za a ba ta. Yana can waje a kan benci, ba ya shigowa sai na fita, ba ya cin abinci. Dokta Ankrah ta karɓi kwalin ta kulle. Da tana ɗauka sai da na riƙe hannuna da ɗayan don kada in fizge, ko da na san abin da ya yi mata. Ka yi mini addu'a, ƙanena, hankalina ba ya jikina.

Yayarka,
Mardiya


Maamobi
Oktoba, 2024

Ƙanena Muftahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwana, ina gajiya? Da fatan kana lafiya. Mma tana sa maka albarka. Mun dawo gida.

Na karanta doguwar takardarka. Ka daina cewa laifinka ne don ka zana kibiya. Ka rubuta gaskiya a ƙarƙashinta, mu ne muka zaɓi abin da muke son gani. Maganganun da na gaya maka a watan Yuli kuwa, ka yafe mini. Ba sunanka kake karewa ba, na sani tun lokacin.

Na ga sabon sakamakon. Biyu da ɗigo tara, amma gurbin yana nan yadda yake. Ka ce ko ka ninka hotunan ba zai gyaru ba, tunda ba laifin na'ura ba ne, wurin ne ba ya tsayawa. Ka ce akwai wata dabara, a ƙera wani ƙaramin furotin da zai riƙe ɓangaren ya hana shi motsi, amma sai shekara mai zuwa, kuma ko an riƙe shi ba tabbas haka yake a jikin mutum. Ka yi wannan aikin in lokacinsa ya zo. Akwai yaran da zuciyarsu lafiya take, iyayensu za su so su sani. Amma kada ka yi shi don mu.

Ƙirjin Sahada ya sake kamawa, kuma wannan karon allurai ba su yi abin da suka saba ba. Dokta Ankrah ta rufe ƙofa ta zauna kusa da ni, ba a bayan tebur ba. Ta ce za su iya ci gaba da riƙe ta a asibiti, ko mu kai ta gida inda ta san muryoyi. Ta ce in akwai wanda ya kamata a kira, a kira shi yanzu. Mun zaɓi gida. Ta haɗa mu da wata nas a nan Maamobi da ke zuwa kullum da safe. Hajiya Ƙaltume ta ba mu ɗakin gaba mai taga, ta ce iska ta fi shiga, ita kuma ta koma namu.

Razak ya daɗe yana kwana a masallaci. Na je da kaina na tsaya a bakin ƙofa bayan sallar asuba har ya fito, na ce masa yarinya tana bukatar ubanta kuma ni ban iya sirinjin nan ba. Ya biyo ni. Har yanzu ba ya iya haɗa ido da Mma.

Yanzu ga abin da nake so. Ka tafi ina da cikinta, ba ka taɓa ɗaukar ta ba. Ka nemi izini a wurin Farfesa, in ta hana ka taho haka. Ka bar wa wani layinka na na'urar. Kada ka tsaya sayen tsaraba, kada ka jira ƙarshen wata.

Razak ya ce shi zai je filin jirgi ya ɗauko ka. Na san kowannenku yana da abin da yake son faɗa wa ɗan'uwansa. Ku gama shi a mota. In kun iso, ka wanke hannu, ka shigo ka zauna a kan tabarma, in ɗora maka ita. Ba ta da nauyi. Ka tallafi kanta ta hagu, can robar ba ta damunta.

Mma ta ce ka yi sauri. Ni ma haka na ce.

Wassalam.

Yayarka mai ƙaunarka,
Mardiya